Amsar Goggo kan gyaran jikin amarya

Uwata, na ga saƙonki, wai kina tambaya ko dole ne amarya ta yi gyaran jiki irin namu na da, sabulun salo da dilka da lalle, ko kuwa ki sayi haɗin nan da ƙawayenki na Abuja ke saya a Instagram wanda aka ce cikin sati ɗaya mutum ya yi fari tas. Toh dole dai babu, aure na ɗauruwa ko ba a shafa komai ba. Amma kar ki haɗa abubuwan nan biyu wuri ɗaya. Abin da iyayenmu ke nufi da gyaran jiki shi ne fata ta yi laushi, dattin da ya kwanta ya fita, ƙamshi ya kama jiki. Baƙa ta fito baƙarta tana sheƙi, wankan tarwaɗa ta fito a yadda Allah ya yi ta. Ba a taɓa kai yarinya ɗakin gyara dan a sauya mata launi ba.

Sabulun salo dai kin san shi, amma ban jin kin san da me ake yin sa. Ɓawon koko ko ɓawon agade ake ƙonawa ya zama toka, a tace ruwan tokar, a dafa da man alayyadi ko man kaɗe har ya kama jikinsa, shi ya sa mafi yawansa daga ƙasar Yarbawa da Gana yake zuwa mana. Ruwan tokar nan shi ne ƙarfinsa, yana kwashe maiƙon fuska sosai, mai yawan ƙuraje tana jin daɗinsa. Kuma ƙarfin nan shi ne matsalarsa. Ke da kike Abuja cikin zafi da gumi zai karɓe ki, mu nan Jos in hunturu ya shigo wajen Disamba da Janairu, ki yi wanka da shi zallansa, kafin ki sa kaya jikinki ya yi fari fat yana tsagewa. Shi ya sa ba mu amfani da shi haka nan. Sai a daka shi a turmi, a zuba man kaɗe da zuma kaɗan, a kwaɓa a rufe ya kwana biyu. Zuma tana riƙe danshi a fata, man kuma ya mayar da abin da sabulun ya kwashe. Kuma dan Allah kar ki dinga goga curin a fuska kai tsaye, akwai ɓurɓushin toka a ciki yana karce fata, ki yi kumfar a tafin hannu tukun.

Man kaɗe kuwa in da za a ce in zaɓi abu ɗaya in bar sauran, shi zan ɗauka. Wahalar da matan ƙauye ke sha kafin ya zo hannunki ba kaɗan ba ce, a tsinto ’ya’yan kaɗanya da damina, a dafa, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, a yi ta bugu da hannu cikin ruwa har man ya taso. Na gaskiya yana da ɗan warin hayaƙi, kuma kina sa shi a hannu yake narkewa, in kin ga ya yi fari ƙal ba wari ko kaɗan to ko an tace shi a masana’anta ko an gauraya shi da wani abu. Da shi muke maganin kaushi da faso, da shi ake shafe jariri da sanyi, mai ciki ma ta shafa saboda ƙaiƙayin ciki. Tun kafin gobarar kasuwar Taminus ta nan Jos a 2002 a ƙwarya muke sayo shi a banza, yanzu Turawa na kwasa suna zubawa a kirim da cakulan, har gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyen ’ya’yan kaɗanya zuwa ƙasashen waje a watan Agustan 2025 wai a dinga sarrafawa a gida. Lokacin wanka shi ne sirrin, ki shafa jikinki da sauran lema, ba sai kin bushe ƙarau ba.

Dilka ba tamu ba ce asali, ta Sudan ce, ta wajen matan Barno da Shuwa ta shigo mana, ni da aka yi min aure ba a yi min ba. Gari ne ake kwaɓawa da kanumfari da sandal da mai, a turara shi, a dinga murzawa a jiki yana fitar da matacciyar fata. Hasken da ake gani bayanta ke nan, da ɗan rawayan kurkur in an sa. Tana da kyau, amma ba kullum ba, in aka matsa wa fata da murza sai ta yi ja ta fara zafi. Lemun tsami da wasu ke matsawa a ciki ni ban yarda da shi ba, ki shafa ki shiga rana ya ƙone ki ya bar tabo.

Lalle shi ne al’ada ta ainihi, shi ya sa har yau ake cewa an sa amarya a lalle. Jan lalle na ganye ba ruwansa da cutarwa ga babba, yana sanyaya tafin ƙafa, sai dai ba a sa wa jariri. Baƙin nan na zane shi nake tsoro, yawanci dayis ɗin gashi ake zubawa dan ya kama da wuri, akwai wadda na gani hannunta ya tashi ya yi ƙoƙon ruwa ana jibi ɗaurin aure. In kin nace sai shi, a ɗiga miki kaɗan a cikin dantse kwana biyu kafin nan ki gani. Ganyen darbejiya kuma a tafasa a sirka a ruwan wanka in ƙurajen zafi sun dame ki, magarya ta wanke kai.

Haɗin sati ɗayan nan kuwa, uwata, babu ganye ko mai da ke mayar da mutum fari cikin kwana bakwai. In ya yi haka to an matse mayukan tub ɗin nan na kemis a ciki, ko an sa sinadarin bilicin, an lulluɓe da sunan oganik. Ƙarshensa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore, nankarwa ta tsage cinya, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, wani sabulun ma akwai mekuri a ciki mai taɓa ƙoda. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Ba na cewa duk masu sayarwa a waya macuta ne, akwai masu tsoron Allah, amma duk wadda ta ƙi gaya miki abin da ta zuba, ki bar mata kayanta.

Tunda saura wata biyu, ki fara yanzu da sabulun da man kawai, dilka ki bari sai ana saura sati biyu, ki sha ruwa, ki rage yawon rana. Zan daka miki sabulun da hannuna in ba direba ya kawo miki ranar Asabar in sha Allah, ki turo min lambar da za a kira. Ki gaida babanki, ki ce masa har yanzu ban ji komai ba a kan maganar gara.