Likita, in tsaya kan tabar da na saba ko in ci gaba da gwada sababbi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a nan Sakkwato, Arkilla nike zaune. Shekara shida ke nan ina shan tabar siga, naɗaɗɗen ganyen nan irin na Kuba, ba sigarin kwali ba. Montecristo No. 4 ita ce tawa. To abokai in sunka dawo daga Dubai sai su kawo min wasu, ni ma in sayo, rabi ba su yi min daɗi ba, wasu sun bushe sun tsattsage cikin durowa, kuɗi na ta tafiya. In tsaya kan tawa ko in ci gaba da gwaji? Sannan uwargida ta tada hankalinta kan wani farin tabo da ya fito min gefen harshe, ya kusa wata guda, na ce mata ai siga ba a haɗiye hayaƙinta, ba ta da illa irin sigari. Ina ma shan maganin wanke huhu da wani ya haɗa min.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni likitan baki da haƙori ne, kuma na san harkar nan don na taɓa riƙe akwatin siga kafin in bari, saboda haka zan amsa maka ta farko, amma ka karanta har ƙasa don ta biyun ce ta hana ni sakewa.

Maganar gwaji ba ta da wuya. Kada ka ƙara sayen kwali guda na abin da ba ka taɓa ɗanɗanawa ba, kara ɗaya ko biyu ya isa, kuma cikin kara huɗu uku su zama wadda ka saba, ɗaya baƙuwa. Montecristo No. 4 matsakaiciya ce wajen ƙarfi, to maƙwabtanta ne za su fi shiga bakinka, irin su Romeo y Julieta ko Arturo Fuente ta Jamhuriyar Dominika. In ka tsallaka kai tsaye zuwa ganyen Nikaraguwa irin Padrón da cikinka babu komai, jiri ne zai kwashe ka ka ce ba ta da daɗi. Kuma yawancin waɗanda ka ce ba su yi maka ba, durowa ce ta kashe su. Siga na son laimar iska wajen kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da sanyi kusan digiri 20, mu kuwa nan a watan Afrilu zafi ya haura 40, lokacin hunturu iska ta bushe ƙayau har leɓe na fashewa, ina ganye zai kai labari? Roba mai murfi da ke rufewa gam, da ƙunshin Boveda mai lamba 69 a ciki, wato ɗan ƙunshin da ke daidaita laimar iska, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ba firji ba. Siga mai suna Cohiba kuma da ake kawowa cikin akwati mai murfin gilashi jabu ce, kada ka ba da ko sisi.

Yanzu Alhaji, maganar nan ta "ba a haɗiye hayaƙi". Wallahi na gaji da jinta, kusan kullum sai wani ya zauna kan kujerata ya faɗa min ita yana murmushi kamar ya kawo hujja. Ba ka haɗiye ba, to ina hayaƙin yake zama? Cikin bakinka yake zama, kan harshe, kan dasashi, kan ganɗa, kana jujjuya shi don ka ji ɗanɗano, kara ɗaya ya kai minti talatin zuwa awa guda. Hayaƙin siga ba irin na sigari ba ne, nikotin ɗinsa ta fatar baki yake ratsawa ya shiga jini ba sai ya je huhu ba, shi ya sa kake jin natsuwar nan ko ba ka zuƙa ba. Karan sigari bai cika giram ɗaya na ganye ba, babbar siga kuwa tana iya ɗaukar ganyen da ya kai na kwalin sigari guda. Ganyen kuma ana tsuma shi wata da watanni kafin a naɗa, tsumin da ke ba shi ƙamshin da kake so shi ne dai ke ƙara masa sinadaran da ke jawo cutar kansa. Yawun da kake haɗiya ya kwashe su ya gangara da su maƙogwaro. Shi ya sa kansar baki, da ta maƙoshi, da ta bututun abinci suke bin masu siga ko da ba su taɓa kai hayaƙi ƙirji ba. Tsadar taba da sunan Kuba a jikin kwali ba sa canza komai a nan. Kuma wanda ya taɓa shan sigari kafin ya koma siga, yawanci yana zuƙa bai ma sani ba.

Sai masu maganin wanke huhu, waɗannan su suka fi ɓata min rai. Mutum ya ɗora lasifika kan mota ya zagaya kasuwa da jarka, ya ce ka sha kofi guda safe da yamma hayaƙin shekara goma zai fita ta fitsari. Huhu ba tukunya ba ne da za a cuɗe da toka. Babu jiƙo, babu madara, babu zuma, babu goron da ke goge abin da taba ta yi wa fatar baki. Abin da suke sayarwa shi ne jinkiri, mutum ya yi wata shida yana kurkure baki da tsimi yana shafa toka a gyambo, sai abin ya hana shi cin tuwo sannan a kawo mana shi, lokacin da aikin da da minti ashirin zai ɗauka ya koma babbar tiyata. Na ga magidanta da ƙananan yara a gida sun zo a wannan hali, kuma ba talauci ya hana su zuwa da wuri ba, wani ne ya ce musu ai ba komai.

Ban ce tabonka cutar kansa ba ne, ban gan shi ba, yana iya zama haƙori ne mai kaifi ke gurzar wurin. Amma ƙa'idarmu ita ce duk fari ko jan tabo ko gyambon da ya wuce sati biyu zuwa uku a baki bai warke ba, dole ido ya gan shi, in ta kama a ɗebi ɗan yanki a auna. Naka ya kusa wata, kuma gefen harshe na daga wuraren da muka fi tsoro. Rashin zafi ba alamar lafiya ba ce, da yawa a farko ba sa ciwo ko kaɗan.

Hajiya ta fi ka gaskiya, ka ba ta haƙuri. Jikin nan amana ce Allah ya ba ka, kuma hayaƙin da kake busawa a falo ita da yara ke shaƙa, su da ba su zaɓa ba. Cikin satin nan, ba bayan ka dawo daga tafiya ba, ka je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko duk likitan haƙorin da ya fi kusa da kai, ka faɗa masa shekara nawa kake sha da kara nawa a sati ba ragi. Daga yau har a duba ka kada ka kunna ko ɗaya, tsohuwa ko sabuwa. Jarkar maganin nan ma ka daina sha, ka tafi da ita ka nuna masa.