Ma'anar Kalmar "Duplicity" da Yadda Ake Amfani da Ita

Tambaya: Malam, na ga kalmar "duplicity" a jarida inda ake zargin wani ɗan siyasa, ƙamus kuma ya ce ma'anarta yaudara. Shin ɗaya take da "deceit"?

Amsa: Ƙamus bai yi kuskure ba, amma bai ƙoshar da kai ba. "Deceit" ta ƙunshi kowace irin yaudara, ita kuwa "duplicity" nau'i ɗaya take nufi, wato fuska biyu. Asalinta kalmar Latin ce, "duplex", mai nufin abu mai ninki biyu, kuma ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci wajen ƙarni na 15.

Ka ɗauki dillali a kasuwar kara. Ya ja mai saniya gefe ya rantse masa cewa mai saye ya ƙi ƙara ko sisi, sannan ya koma wurin mai saye ya riƙe masa hannu ya ce mai saniya ya kafe, alhali kowannensu yana ganin dillalin nasa ne, shi kuwa rarar da ke tsakani yake hari. Wannan halin ne Bature ke kira "duplicity", mai yin sa kuma "duplicitous". Wanda ya cuɗa tsakuwa a cikin shinkafa algus ya yi, wanda ya karɓi kuɗinka da takardar bogi zamba ya yi, wato "fraud", kuma ba a cika jingina musu wannan kalma ba. A ganina, babu fassarar da ta kai "Musa a baki, Fir'auna a zuci" dacewa da ita, domin sai an ba mutum amana kafin ya samu damar yin ta. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ma ya sanya mai fuska biyu cikin mafi sharrin mutane.

A kotu ma'anarta daban ce. Idan lauya ya ce tuhuma tana da "duplicity", yana nufin an cusa laifuka biyu ko fiye a cikin tuhuma guda, abin da ƙa'idar shari'ar manyan laifuka ta hana.

Sai ka kiyayi kuskuren da ya yawaita a rubuce-rubucenmu, inda ake cewa "duplicity of functions" alhali ana nufin hukumomi biyu suna maimaita aiki ɗaya. Kalmar da ta dace a nan ita ce "duplication", domin wanda ya rubuta ta farkon zai iya sa mai karatu ya ɗauka cewa ana zargin hukumomin da munafunci ne.