Wace fitila ta dace da keke a hanyar da babu hasken titi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaramar fitilar nan mai ƙyaftawa za ta ishe ka a hanyar ƙauye da dare. Gaskiya ba za ta isa ba. Aikinta a gan ka ne kawai, kai kuwa so kake ka hango rami da yashi tun kafin taya ta faɗa.

Nemi fitilar gaba mai ƙarfin lumen (ma'aunin yawan haske) 600 zuwa 800. Amma kada adadin da ke jikin kwali ya ruɗe ka, yadda hasken ke shimfiɗuwa a ƙasa ya fi muhimmanci. Irin ta tocila tana tara haske wuri guda, gefen hanya ya zauna cikin duhu, sauran kuma ya tashi sama ya kashe wa mai tahowa ido. Waɗanda aka ƙera bisa ƙa'idar StVZO ta Jamus suna datse hasken daga sama kamar fitilar mota, ni su na fi so. Ko wacce ka saya, ka ɗan sunkuyar da kanta.

Duba awa nawa batirin ke yi a babban haske, domin dogon lokacin da ake tallatawa yawanci na ƙaramin haske ne. In tafiyarka doguwa ce kullum, dinamo na cikin cibiyar taya, wato na'urar da ke samar wa fitila lantarki daga juyawar taya, mai volt 6 da watt 3, zai raba ka da caji.

Jar fitila a baya dole ce. Maɗaurin ma ya kasance mai ƙarfi, gargada tana saurin kwance mara ƙwari.