Ku Tambaya Mu Amsa: Yawon Keke a Filin Jazira

Wasiƙun wannan wata sun fi yawa daga Wad Madani ta ƙasar Sudan da ƙauyukan da ke kewaye, kuma kusan duka a kan keke suke, ko ajala kamar yadda ake ce masa a nan. Mun zaɓi biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu shida ne, samari a Madani, muna so mu riƙa fita zagaye ranar Juma'a da safe. A watan Janairu mun nufi kudu, tafiya kamar ana tura mu, amma a dawowa da ƙyar muka kai gida, alhali babu ko tudu ɗaya a hanyar. Me ya faru, kuma wace hanya za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, samari. Ai turin da kuka ji gaskiya ne, iska ce ta tura ku, a dawowa kuma kuka biya bashi. Jazira, filin noman da Madani take cikinsa, shimfiɗe take kamar faifai, gangarenta bai kai taƙi guda a kilomita ba, shi ya sa ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwa, yake tahowa a hankali tun daga madatsar Sinnar. Mai keke a irin wannan fili ba shi da tudu sai iska. Daga Nuwamba zuwa Maris daga arewa take busowa, da damina kuma ta juya ta riƙa zuwa daga kudu da kudu maso yamma.

Ga lissafin. In kana gudun kilomita 15 a awa, iska kuma tana zuwa maka a fuska da gudun kilomita 15, jikinka yana keta iskar kilomita 30. Turjiyar ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi. Saboda haka da sanyi ku fara nufar arewa tun kuna da ƙarfi, ku bar iskar ta kawo ku gida. Ku fita da an sallame Asuba, don iskar takan ƙara ƙarfi da hantsi.

Zagayen farko, ku haye gadar Hantub, ku yi arewa zuwa Abu Haraz inda ƙubbobin shehunnai suke, kusa da inda Rahad yake zuba a Shuɗin Nilu. Tafiyar safiya ce, za ku dawo ku yi wanka ku sami Juma'a. Babban zagaye kuwa shi ne Madani zuwa Hasahisa, kusan kilomita 45, a haye zuwa Rufa'a, a dawo ta gabashin kogi a shigo ta Hantub. Duka-duka yana kusan kilomita 100, kuma ba na sabon shiga ba ne. Ku fara da 25 ko 30, ku riƙa ƙara kamar 10 kowane mako.

Titin kwaltan Khartum zuwa Madani ba banza ake ce masa titin mutuwa ba: siriri ne, ga manyan motoci da bas-bas, gefensa kuma a zaizaye. Duk inda kuka sami hanyar gefen tur'a da ta nufi inda kuka nufa, ku bi ta ko da za ta ƙara muku nisa. Cikin gonakin ma ba a ɓata in an san tsarin. Kowace nimra, wato yankin gona guda, fadan 90 ce (fadan ya ɗan fi eka), tsawonta kamar mita 1,350, faɗinta kamar 280, ƙaramar magudanar ruwa da ake kira Abu Ishirin tana bin tsawonta. In kun ƙetare bakin Abu Ishirin huɗu, kun yi kilomita guda da 'yan kai. Matsalar ita ce ƙetare babbar tur'a: gada ba ta ko'ina, sai ku tambayi manomi ko mutanen kambo, wato matsugunin 'yan ƙwadagon gona, inda take kafin ku yi nisa a gefen da ba naku ba.

Ku shida kuna da abin da mai tafiya shi kaɗai ba shi da shi. Ku jera a layi ɗaya, tsakanin taya da taya kamar rabin mita, na gaba ya sha iska minti biyu ko uku ya koma baya. Na baya yakan huta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wahalar. Na gaba shi ne idon kowa, in ya ga rami ya faɗa da ƙarfi, kada ya matse birki ba zato.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Yaƙi ya zauna a Madani daga Disamba 2023 zuwa Janairu 2025, ya kuma bar abubuwan fashewa a fili da kangaye. Ku bi hanyar da kuka ga sabon sawun amalanke da tarakta kawai. Ƙarfen da ba ku sani ba, kada a taɓa, kada a shure shi, a sanar da hukuma. Kowa ya riƙe takardar shaidarsa saboda shingaye, kada a ɗaga waya a ɗauki hoton gada, kuma a kasance a gida kafin Magariba.

Tambaya: Shekaruna 58, kekena Phoenix ne mai giya ɗaya. Da na yi awa guda a kansa sai gwiwa ta kama ciwo, mazaunai su yi tsami. 'Ya'yana sun ce in sayi mai giya da yawa. Dole ne?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ba dole ba ne. A filin da babu tudu, giya ashirin da ɗaya ado ne, biyu ko uku za ka yi amfani da su. Abin da ke damun gwiwarka shi ne giyar kekenka ta yi nauyi, wataƙila sirdin ma ya yi ƙasa.

Ka sa ajalati, wato mai gyaran keke, ya ƙirga haƙoran da sarƙa take hawa. Irin waɗannan kekuna sukan zo da 44 ko 46 a gaba, 18 a firwil na baya. Da 44 da 18, kowane zagayen feda yana kai ka kusan mita biyar da rabi, wanda ya yi wa mai fuskantar iska yawa. A sa maka firwil mai haƙori 20 ko 22. Da 22 zagayen zai koma kusan mita huɗu da rabi, sai dai a ƙara wa sarƙa gaɓa biyu. Ƙafa ta riƙa juyawa da sauƙi, sau 70 zuwa 80 a minti, maimakon dannawa da ƙarfi kamar mai kirɓa sakwara.

Sirdi kuma, ka zauna ka ɗora diddige a feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ba, tsayin ya yi. Sannan ka tuƙa da tudun tafin ƙafa na wajen yatsu. In ciwon a gaban gwiwa yake, galibi sirdi ya yi ƙasa. In a bayanta yake, ya yi sama. A gyara da kaɗan-kaɗan, rabin santimita a lokaci guda. Tsamin mazaunai laifin filin ne, don babu gangaren da zai sa ka huta ko hawan da zai sa ka miƙe. Duk minti goma ka tashi tsaye a kan feda ka yi 'yan zagaye. In gwiwar tana kumbura ko tana ciwo ko ba ka hau keke ba, wannan ta likita ce.

Tambaya: Malam, faci ya ishe ni. A fita ɗaya sai in yi uku, wani lokaci a wuri guda.

Amsa: Ƙanena, faci a wuri guda alama ce ƙayar tana nan cikin taya. Tsidau da ƙayar miskit da ta bagaruwa sukan karye su bar tsininsu a roba, ka liƙe tub ka mayar, su sake hudawa. Kafin ka fitar da tub, ka lura da inda bawul yake a jikin taya. In ka gano hujin, ka auna wurin a taya, ka bi cikinta da tsumma ko auduga. Inda ya maƙale nan ƙayar take, ka tura ta waje da allura.

Ka kuma karanta hujin. Guda ɗaya ta wajen da ke taka ƙasa, ƙaya ce. Biyu a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan har rim ya matse tub a kan gargada. Huji ta ciki wajen rim, kan sifok ne ya ɓullo, sai a sake robar da ke rufe su. In kuma babu huji ko kaɗan amma iska tana zurarewa, duba 'yar robar cikin bawul irin na tsofaffin kekuna, zafi yana cinye ta. Ka riƙa yawo da biyu a aljihu.

Yawancin facin da ke ɗagowa, gaggawa ce ta ɓata shi. A kankare wurin da samfefa ya fi facin faɗi, a shafa sholisho siriri, a jira minti uku zuwa biyar har ya daina sheƙi, sannan a ɗora a danne da ƙarfi minti guda. Wanda ya ɗora a kan ɗanyen sholisho zai sake zama a gindin bishiya ta gaba.

Rigakafi mai araha: ka sami tsohon tub, ka yanke bawul ɗin, ka tsaga shi a tsaye, ka shimfiɗa tsakanin taya da sabon tub. Yana ƙara nauyi kaɗan, amma tsidau ba ya kaiwa. In bawul ɗinka irin na mota ne, ana iya kwance ƙwayarsa a zuba ruwan toshe huji mililita 60 zuwa 90. Iska kuma, taya mai faɗin inci biyu ta sha 35 zuwa 45 a ma'aunin mai faci in hanyar ƙasa ce. Kada ka kwantar da keke a inuwar miskit, a nan ƙayar ta fi zuba. In za ka sayi tub, ka karanta lambar gefen tayarka: 635 na Phoenix ne, 622 na keken tsere, 559 na inci 26. Biyun farko duka ana ce musu 28 a kasuwa, amma tayar wannan ba ta hawa rim ɗin wancan.

Tambaya: Ana iya bin hanyoyin tur'a da damina?

Amsa: Daga Yuli zuwa Satumba, sai in an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Baƙar lakar Jazira tana naɗe taya, ta cika tsakaninta da madigadi, cikin 'yan mitoci ƙafar ta ƙi juyawa. In keken mai giya ne ka dage da feda, ƙarfen canjin giya na baya zai lanƙwashe ya shige sifok. Da ka ji nauyi ka sauka, ka saɓa keken, ka sami kara ka ƙwaƙule. A cire madigadi gaba ɗaya har kaka. Saman gaɓar tur'a shi yake fara bushewa. Bayan ruwa ya ɗauke kuma sai sawun tarakta ya daskare kamar dutse, ƙasa ta dare. Siririyar taya takan faɗa tsagar ta kayar da mutum, don haka a ƙetare tsaga a gicciye.

Sarƙa a wanke ta da kananzir, ta bushe, a ɗiga mai ɗigo guda a kowace gaɓa, a goge na waje tas. Man da ya rage a waje shi ke kama ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa.

Tambaya: Ni uwa ce a Mai Wurno. Ɗana yana karatu a Madani, ya ce da hutun sanyi a keke zai zo gida shi da abokinsa. Hankalina bai kwanta ba. Zai yiwu a yini ɗaya? Me zai riƙe?

Amsa: Hajiya, zai yiwu in ya saba, kuma lokacin da ya zaɓa shi ne daidai, don iskar arewa za ta kasance a bayansa. Daga Madani ta Barakat, Haj Abdalla, Wad al-Haddad zuwa Sinnar kilomita ɗari ne da 'yan kai, sai kamar 15 zuwa Mai Wurno a kan hanyar Sinja. A gudun kilomita 18 a awa, tuƙi kaɗai awa bakwai ne, da hutu da salla da tsayawa a shingaye ya zama tara ko goma. In sun tashi da Asuba, la'asar sakaliya za ta yi musu a gida. Sharaɗin da za ki kafa masa: sai ya yi kilomita 70 a fita ɗaya, sau biyu, ba tare da ya kwanta ciwo washegari ba. In bai yi ba, su raba tafiyar, su kwana wurin dangi a hanya. Kuma a ranar jajibiri su tambayi direbobin da suka zo daga Sinnar halin da hanyar take ciki.

Ruwa lita uku kowannensu a kan keke, su riƙa cikawa a garuruwa, su sha rabin lita zuwa lita guda a awa tun kafin ƙishi ya zo. Gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari: lita guda, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino da gyaɗa a aljihu, a ci kaɗan duk bayan minti arba'in. Ful, wato dafaffen wake, da burodi a Haj Abdalla, agashe kuwa ya jira sai an iso. In ɗaya ya fara jiri, ko ciwon kai, ko magana ba kan gado, tafiya ta ƙare: inuwa, a jiƙa masa jiki, a tare mota zuwa asibiti.

Ki ja masa kunne a kan tur'a. Komai zafin rana kada su sha, kada su shiga, ko wanke ƙafa kada su yi. Ruwan tur'o'in Jazira yana ɗauke da tsargiya, ƙwayar cutar ta fata take shiga, sai bayan makonni a ga jini a fitsari ko bayan gida.

Kayan gyara: tub biyu, faci da sholisho, famfo, sufana mai lamba 15 ta kwance ƙafa, ƙarfen ɓanɓare taya biyu, gaɓar sarƙa, da fitila gaba da baya ko da ba su yi niyyar kai dare ba. Komai a ɗaure a kariya, kada a goya jaka a baya, tana hana gumi bushewa. A madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925, su kalla da ido kawai, waya ta zauna a aljihu. Komawa Madani kuwa iskar nan a fuska za ta tarbe su tun daga bakin gari, don haka ki ajiye musu kuɗin mota har da na ɗora kekunan a sama.