Amsa: Shiga Fotugal da bizar aiki ta intanet

Ɗan'uwa daga Gombe, ka ce ka samu bizar D8 ta Fotugal (bizar zama mai tsawo ta masu aiki ta intanet), kana tambaya ko dole sai jirgin da zai dire ka Lisbon kai tsaye. A'a, ba dole ba ne. Kana iya tashi daga Abuja ka ratsa ta Faransa ko Jamus, tunda su da Fotugal duk suna cikin yankin Shengen (ƙasashen Turai da suka cire binciken fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu), kuma bizar zama mai tsawo ta ba ka damar wucewa. Can inda ka fara sauka, nan za su duba fasfonka.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma shi ya so ya ba ni wahala lokacin da na je. In ta wata ƙasar Shengen ka shigo, Fotugal ba ta da shaidar ranar da ka iso, don haka doka ta ce ka kai rahoton shigowarka cikin kwana 3 na aiki, sai dai in a otal ka sauka, su za su yi maka. Ni gidan aboki na sauka, ban sani ba. Ka adana tikitinka na jirgi, kuma kar ka yi sanya: wata 4 kawai bizar take yi kafin ka nemi takardar zama a wurin AIMA, hukumar kula da baƙin ƙasashen waje ta Fotugal.