Tambayoyinku kan Word da Excel: Ku ƙyale maɓallin Enter ya huta

Tambaya: Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu. In na shigar da lambobin wayar mambobi a Excel, sai sifirin farko ya ɓace, 0803 ta koma 803. Lambobin asusun banki ma haka suke yi mini.

Amsa: Malam, Excel ta ɗauka lissafi za ka yi da su, kuma a lissafi sifirin da ke farkon lamba ba shi da aiki. Kafin ka fara shigarwa, danna harafin da ke saman jerin, ka haɗa Ctrl da 1, ka zaɓi Text. Waɗanda sifirinsu ya riga ya tafi sai ka sake rubuta su. Lambar asusu guda goma ce. Duk wadda ka ƙirga ka samu tara, gyara ta kafin takardar ta isa banki.

Tambaya: Ɗaliba ce ni a Aliero. Na gama rubuta kundina na kammala digiri, a kwamfutata komai tsaf. Da na kai shagon buga takardu a Jega, sai babi na uku ya faro daga tsakiyar shafi, lambobin shafukan da na jera a gaba duk suka saɓa. Mai shagon ya ce kwamfutata ce ta kamu da cuta.

Amsa: Ƙanwata, lafiyar kwamfutarki ƙalau. Ban ga kundin ba, amma na san abin da ke ciki. Buɗe shi ki haɗa Ctrl da Shift da 8. Za ki ga wata alama mai kama da P da ta juya baya ta jeru reras a ƙarshen kowane babi, goma ko ashirin. Kowacce ɗaya, Enter ce da kika danna don ki tura sabon babi zuwa shafi na gaba. Ɗige-ɗigen da ke gaban kanun labari kuwa, dogon maɓallin nan na ba da tazara ne da kika yi ta bugu har rubutun ya zo tsakiya.

Wannan ɗabi'a tana ci mini rai, domin ba ɗalibai kaɗai ba, har ma'aikatan da suka shekara a ofis a Birnin Kebbi haka suke yi, kamar suna gaban tafiretar zamanin En'e. Layukan banzan nan Word tana ƙirga su a matsayin rubutu. Da an ƙara jimla ɗaya a sama, ko an buɗe a kwamfutar da ba ta da irin salon haruffan da kika zaɓa, sai komai ya goce. Ƙari a kan haka, Word da yawa suna zuwa a saite kan takardar Letter ta Amurka, mu kuwa A4 muke bugawa a kai, wadda ta fi ta tsawo. Mai shago na canza girman takarda, gininki ya rushe.

Goge su duka. In babi ya ƙare, Ctrl da Enter sau ɗaya tak, shi ke nan kin koma sabon shafi, kuma ko me aka ƙara a sama babin da ke biye zai ci gaba da farowa daga saman sabon shafi. Kai rubutu tsakiya, Ctrl da E.

Sai jerin abubuwan da ke ciki. Na tabbata da hannu kika rubuta shi, kina danna aya ɗaya bayan ɗaya har ki isa bakin takarda, sannan ki leƙa shafin ki dawo ki sa lamba. Haba ƙanwata! Wannan wahala ko a gonar shinkafa an samo mata inji. Sa alamar rubutu a kan sunan kowane babi ki haɗa Ctrl da Alt da 1, ƙananan kanu kuma Ctrl da Alt da 2. Daga nan shiga References ki zaɓi Table of Contents. Word za ta jera komai da lambobinsa da kanta. Duk ranar da malamin da ke duba aikinki ya sa ki cire sakin layi ko ki ƙara, danna cikin jerin, ki buga F9, lambobin su gyaru.

Kuma don Allah, duk abin da za ki kai a buga, mayar da shi PDF tun daga ɗaki. Ni ko wasiƙa mai shafi ɗaya ba na fita da ita sai a haka. Yadda kika gan shi, haka injin zai fitar.

Tambaya: Ina koyar da Hausa a Yauri. Yaya zan samu haruffa masu lanƙwasa a Word ba sai na kwafo daga intanet ba?

Amsa: Rubuta 0199 ka haɗa Alt da X, ƙ za ta fito. Ta ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. Manyansu: 0198, 018A da 0181. Ka bar tazara kafin lambar don kada ta haɗe da harafin baya. In aikin da yawa, ƙara allon rubutun Hausa a saitin harshe na Windows, ya fi sauri.

Tambaya: An ɗauke wuta ina tsakiyar rubuta rahoto a Zuru, ban adana ba. Akwai dabara?

Amsa: Shiga File, sai Info, sai Manage Document, ka duba Recover Unsaved Documents. Word tana ajiye kwafin gaggawa duk minti goma, don haka na ƙarshen ne kawai zai salwanta. Rage shi zuwa minti biyu a Options, ƙarƙashin Save, kuma ka saba wa yatsunka da Ctrl da S a ƙarshen kowane sakin layi.