Kyanwa ta hana mu barci da kuka a bakin ƙofa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da kyanwa 'yar wata bakwai. Da an kashe fitila sai ta je bakin ƙofa ta dinga kuka kamar jariri, tana kartar ƙyaure har asuba. Ta yi kwana shida a haka ta daina, bayan mako biyu abin ya dawo. Maigida ya ce a kai ta nesa a yar, maƙwabciyata kuma ta ce akwai iska a lamarin. Mene ne mafita?
Daga wata mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba iska ba ce, kyanwarki muzuru take nema. Kyanwa kan balaga tun tana wata 4 zuwa 6. Idan lokacin barbararta ya zo, takan yi kusan mako guda tana wannan kukan, in ba ta haɗu da muzuru ba sai abin ya lafa, ya dawo bayan mako 2 zuwa 3. Lissafin da kika kawo ke nan. Ki gwada shafa gadon bayanta: za ki ga ta kwantar da ƙirji, ta ɗaga gindi, ta karkatar da wutsiya gefe guda tana tattaka ƙasa da ƙafafun baya. Takan kuma yi ta birgima, cin abincinta ya ragu.

Tsawa da duka ba sa maganin wannan. Ko dai ki bar ta ta fita, bayan kwana 63 zuwa 65 ta haifo miki 'ya'ya, kukan kuma ya dawo bayan yaye, ko kuma likitan dabbobi ya yi mata aiki ya cire mahaifa da ƙwan haihuwa. Mu dai aikin muka fi ba da shawara, don sau ɗaya ake yi a huta. Tunda a Zariya kike, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Likitoci sun fi son a jira kukan ya lafa kafin a yi, ɗinkin kuma yakan warke cikin kwana 10 zuwa 14. Kada wani ya ruɗe ki da allurar tazarar haihuwa ta mata. Tana tsayar da kukan na ɗan lokaci, amma tana iya jawo ruɓar mahaifa da ƙari a nono.

Akwai kuma kukan da ba na barbara ba, na sabo. Kyanwa kan yi barcin awa 12 zuwa 16 a yini, ƙarfinta kuma na tashi ne da almuru da gab da asuba, lokacin fitar ɓeraye. Ta wuni kwance, dare ya yi, ga ƙofa a rufe. Ta yi kuka sau ɗaya an buɗe mata, shi ke nan ta gano mabuɗin.

Gyaran yana farawa tun da yamma. Ki ɗaura tsumma ko gashin kaza a igiya, ki ja a ƙasa ta yi ta bi tana cafka na minti 10 zuwa 15, har ki ga ta kwanta tana kallon abin kawai. Nan take ki ba ta abincin dare, wanda ya fi na rana yawa. Farauta, ci, lashe jiki, barci: tsarinta ke nan. Ki ajiye mata ruwa, da bahon yashi mai tsabta na yin kashi da fitsari nesa da kwanon abincin, da kwali mai tsohon zane a ciki, musamman da hunturu. In akwai ɗaki ko zaure nesa da makwancinku, can ya kamata ta kwana.

Sannan kowa a gidan ya toshe kunne. Kada a buɗe, kada a ce mata "kyas", don ko faɗa a wurinta amsa ce. Dare biyu ko uku na farko kukan zai ƙaru, kuma a nan yawancin mutane ke karaya. Wanda ya daure minti 40 sannan ya tashi ya buɗe, ya koya mata cewa kukan minti 40 ne kuɗin ƙofa. In an daure, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu take haƙura. Da safe ma kada ciyar da ita ya zama aikinki na farko, in ba haka ba za ta riga ladan tashinki.

Amma akwai kukan da ba a toshe masa kunne. Kyanwar da ta haura shekara 10 ta fara ihun dare kwatsam, tana ramewa ko yawan shan ruwa, a duba mata ƙoda, hawan jini da ji. Muzurun da ke tsugunawa yana nishi da kuka fitsari bai fita ba, hanyar fitsari ce ta toshe, a kai shi asibiti a ranar, don kwana ɗaya ko biyu na iya kashe shi. Wadda muryarta ta sauya, tana dalalar da yawu tana kai cizo, kada a taɓa ta da hannu, ciwon haukar kare na kama kyanwa. Kuma ko da wasa kada a ba ta farasitamol don ta yi shiru. Ƙwaya ɗaya ta isa ta hallaka ta.